Wa Zai Gina Ajin Ƴaƴanmu? Gasar Kwangila da Sauƙin da Doka Ta Yi wa Ƙananan Ayyuka

Laccar da aka gabatar a Tasawa, gaban wakilan kwamitocin makarantu, magina da ma'aikatan ƙananan hukumomi na gundumomin Tasawa da Mayahi

 

    

An nemi in yi magana a kan dokar bayar da kwangilar gwamnati, da sauƙin da ta yi wa ƙananan ayyuka irin ginin aji biyu ko uku, makewayi, ko katangar lakwal. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan batu na ƴan ofis ne. Bari in faɗi abin da ya sa ya zama namu duka.

Ranar 8 ga Nuwamban 2021 wuta ta kama azuzuwan kara na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, galibinsu ƴan shekara biyar zuwa shida. Kafin nan, a watan Afrilun waccan shekarar, irin wannan gobara ta ci rayukan yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Allah ya sa masu ceto ne ga iyayensu. A wancan lokaci hukumomi sun ce azuzuwan kara da ke ƙasarmu Nijar sun kai kimanin 36,000. Ko ba gobara, kun san halin ajin kara: ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, ruwan farko kuma shi ke rufe shi. Yaron da ke karatu a ciki yana rasa watanni a farkon shekara, ya sake rasa wasu a ƙarshenta.

To wa zai maye gurbin waɗannan rumfuna da ginin siminti? Babu babban kamfanin da zai ɗauko motocinsa daga Yamai ya zo ya gina aji biyu a wani ƙauye arewa da Mayahi, inda tsakuwa sai an ɗauko ta daga nesa, ruwan kwaɓa siminti kuma sai an ja shi daga rijiya mai zurfi. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace ɗaya daga gundumominmu biyu tana da mutum fiye da 500,000, a warwatse cikin ɗaruruwan ƙauyuka. Aikin zai gudana ne ta ƙananan kwangiloli, aji biyu a nan, uku a can. Tun daga dokokin 26 ga Janairun 2016 da suka miƙa wa ƙananan hukumomi iko a fannin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, ginin ajin firamare ya dawo hannunsu, kuɗin kuma sukan zo ta hukumar ANFICT mai samar wa ƙananan hukumomi kuɗi, ko ta asusun haɗin gwiwa na ilimi, ko daga masu ba da tallafi. Saboda haka ƙaramar kwangila ita ce babbar hanyar da ajin ƴaƴanmu zai bi ya iso.

Tushen dokokinmu na kwangila shi ne umarni biyu da ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, wato UEMOA, ta fitar ranar 9 ga Disamban 2005. A kansu aka gina dokar kwangila ta 2011, a kansu kuma aka gina kundin da aka sabunta a 2022, shekarar da hukumar sa ido ta ARMP ta koma ARCOP. Duk yawan shafukan kundin, a kan abu uku yake tsaye: kowa ya samu damar neman aiki, a yi wa masu nema adalci daidai, kuma a yi komai a fili. Asalin ƙa'ida ita ce buɗaɗɗiyar gasa, wadda ma'aikata ke kira apel dofur. A buga sanarwa, a ba masu nema lokaci, wanda umarnin UEMOA ya ce kada ya gaza kwana 30, kowa ya kawo tayinsa cikin ambulan a rufe, a buɗe su gaban jama'a a ranar da aka sanar, kwamiti ya duba, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi.

Ƙasa da wannan akwai matakai masu sauƙi. Idan kuɗin aikin bai kai wata iyaka ba, wadda ƙuduri ya yanke a rubuce, doka ta yarda a yi gajeruwar gasa: a nemi bayani da farashi cikin ɗan lokaci, ko a nemi farashi daga masu aiki aƙalla uku a kwatanta. Sai kuma hanya ta dabam, wato a kira mutum ɗaya a daidaita da shi kai tsaye ba gasa. Wannan an ɗaure ta da sharuɗɗa masu tsauri: ko dai mutum ɗaya tak ne ke iya aikin, ko kuma gaggawa ce da ta faɗo ba zato, kuma sai an nemi izini daga hukumar da ke duba kwangiloli kafin a sa hannu.

Ina so ku ji matsayina tun yanzu. Sauƙin nan daidai ne, ina kuma goyon bayansa. Ku duba abin da cikakkiyar gasa ke nema daga mai son aiki: ya sayi kundin gasar, ya kawo lamunin banki, ya nuna shaidar biyan haraji, ya nuna yawan kuɗin da suka ratsa hannunsa a shekarun baya, ya jera injiniyoyi da motoci. Maginin da ya shekara ashirin yana gina gidaje da masallatai a Kona ko Cake, wanda kowa ya shaidi ingancin hannunsa, ba zai tsallake wannan shinge ba. Wanda zai tsallake shi ne mai ofis a birni. Shi kuma idan ya ci gasar, sau da yawa wannan maginin na Kona zai nema ya ba shi aikin a ƙarƙashinsa, bayan ya cire ribarsa. An biya riba biyu ke nan a kan aji ɗaya. Ga kuma lokaci. Idan aka fara doguwar hanya a makare, sai damina ta riski aikin, hanya ta yanke, leburori su koma gona, Oktoba ta zo yara suna ƙarƙashin zana.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A 2009 Bankin Duniya ya wallafa wani nazari na Serge Theunynck a kan ginin makarantu a Afirka, wanda ya kwatanta hanyoyin da ƙasashe suka bi. Abin da ya gano shi ne, azuzuwan da aka bayar ta manyan gasanni daga babban birni sun fi tsada, waɗanda kuma aka bar wa al'umma da ƙananan magina na kusa sun zo da araha sosai, muddin akwai tsayayyen zanen gini da mai sa ido na fasaha.

Sai dai ku lura da abin da doka ta sauƙaƙa. Ta rage takardu, ta rage kwanaki, ta rage nauyin lamuni. Babu inda ta ce a yi ƙaramin aiki a ɓoye. Abubuwan nan uku da kundin yake tsaye a kansu suna kan aikin aji biyu kamar yadda suke kan aikin titin Maraɗi zuwa Damagaram. Ɓarnar da muke gani tana farawa ne daga ranar da aka ɗauki sauƙin takarda a matsayin izinin rufe ƙofa.

Hanyar farko ta wannan ɓarna ita ce tsinka aiki. A ce an samu kuɗin aji tara a ƙaramar hukuma ɗaya, cikin kasafin shekara ɗaya. Jimillar ta haura iyaka, dole a yi buɗaɗɗiyar gasa. Sai a yanka aikin gida uku, a rubuta kwangila uku a ranaku dabam-dabam, kowace ta faɗo ƙasa da iyaka, a bayar da su ba sanarwa. Idan ka bi diddigi, sai ka tarar duka ukun hannu ɗaya suka shiga. Doka ta haramta wannan ƙarara. Amma a nan akwai wani bambanci da nake roƙon kowa ya riƙe, domin ana yawan rikita mutane da shi. Raba aiki kashi-kashi a cikin gasa guda halal ne, har ma doka tana ƙarfafa shi. A buga sanarwa ɗaya ta aji tara, a ce kashi na ɗaya aji uku a ƙauye kaza, na biyu a ƙauye kaza, na uku a ƙauye kaza, kowa ya nemi kashin da ƙarfinsa zai ɗauka. Ta haka ƙaramin magini ya samu ƙofa, gasa kuma tana nan daram. Duk ma'aikacin da ya ce muku ya tsinka aiki ne don ya taimaki ƴan gida, ku tambaye shi abin da ya hana shi bin wannan hanyar da doka ta buɗe. Abin da ke tona tsinka aiki shi ne jadawalin kwangiloli na shekara, wanda dole kowace hukuma ta tsara tun farko. Idan aji tara suna rubuce a jadawali, ba yadda za a yi su rikiɗe su zama ƙananan ayyuka uku ba a gani ba.

Hanya ta biyu ta fi ta farko yawa, ta kuma fi ta wuyar kamawa: farashi uku na bogi. Mutum ɗaya ne zai kawo takardu uku, ɗaya da sunansa, ɗaya da sunan ƙanensa, ɗaya da hatimin abokinsa, ya sa nasa ya zama mafi ƙanƙanta da ɗan kaɗan. A kan takarda an yi gasa. Kowannenmu idan zai sayi ragon layya yakan zaga kasuwa ya taya biyu ko uku kafin ya sa hannu a aljihu. Ku ɗauka ragunan uku duk na mutum ɗaya ne, dillalan da ke ɗaga farashi kuma yaransa ne. Malamanmu na fiƙihu sun san wannan da sunan najashi, wato mutum ya yi tayi ba da niyyar saye ba, sai don a ruɗi wani, kuma haninsa ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Wanda ya ba da aron hatiminsa don a cika uku ya san ba aikin yake nema ba. Ya sani cewa yana da kaso a cikin alhakin.

Hanya ta uku ita ce gaggawar da aka ƙirƙira. Akwai gaggawa ta gaskiya, mun gan ta. A daminar 2024 ambaliya ta rusa gidaje da azuzuwa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, mutane suka fake a makarantu, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Idan iska ta kwashe rufin aji cikin dare, ba wanda zai ce a jira kwana 30 kafin a rufe shi. Amma buɗe makarantu a watan Oktoba ba abin ba-zata ba ne. Wanda kuɗi suka zo masa tun sanyi, ya zauna a kan takarda har Satumba, sannan ya ce lokaci ya ƙure a kira wane, shi ya haifi gaggawar da hannunsa, kuma doka ba ta karɓar jinkirin hukuma a matsayin uzuri.

Manya a cikinku suna tune da abin da aka kira badaƙalar MEBA. A 2006 binciken kuɗi ya bankaɗo ƙarin farashi da kwangilolin da aka bayar ba bisa ƙa'ida ba a ma'aikatar ilimin firamare, a cikin kuɗin da masu tallafi suka bayar don karatun yara. Mutum biyu da suka riƙe ma'aikatar suka shiga hannu, kuma ranar 31 ga Mayun 2007 majalisar dokoki ta kifar da gwamnatin firaminista Hama Amadu a kan wannan batu. Wancan a Yamai aka yi shi, da manyan kuɗi, shi ya sa ya yi ƙara. Na ƙauye ba ya ƙara. Yana bayyana ne bayan shekara biyu ko uku, a tsagewar bango da daɓen da ya farfashe.

A nan zan juya ga ƴan'uwana masu neman araha ido rufe. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ajin da aka saba ginawa yana da kamar mita 9 a tsawo da 7 a faɗi. Adadin buhun siminti da rodi da kwanon da zai ci sananne ne, ana iya lissafa shi. Kankaren ginshiƙi da na ɗaurin bango yana buƙatar kilo 350 na siminti a kowace mita kubik ɗaya, wato buhu 7. Idan wani ya kawo farashin da bai ma kai kuɗin kayan ba, to a ina zai cike giɓin? Zai cike shi a buhun da zai fitar da bulo fiye da ƙima, a rodin da zai rage wa kauri, a bulon da ba zai shayar da ruwa ba, a rufin da ba zai ɗaure shi da ƙarfen ɗaurin bango ba, wanda guguwar farkon damina za ta ɗaga. Doka ta ba kwamitin duba tayi ikon ya nemi mai irin wannan tayi ya yi bayanin yadda zai yi aikin, in bayanin bai gamsar ba a ajiye tayinsa. A yi amfani da wannan iko, a kuma rubuta dalili.

Adalci ne kuma in faɗi kukan ƴan kwangila. Da yawa a cikinsu sun gama aiki tsaf, suka yi watanni suna zarya ba a biya su ba, mai siminti yana binsu, leburori suna binsu. Wasu sun sa hannu a kan farashi, sai aka rufe iyakoki bayan Yulin 2023, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. Mutumin da ya san za a ja masa rai kafin a biya shi zai ƙara kuɗin jira a cikin farashinsa, ko ya daina nema gaba ɗaya ya bar fili ga mai uwa a gindin murhu. Hukumar da ke son gasa ta gaskiya sai ta zama mai biya a kan lokaci. Doka ta yarda a ba da kuɗin fara aiki har zuwa kashi 30 cikin 100, ta kuma yarda a riƙe har kashi 5 cikin 100 a matsayin jingina, sai an ga ginin ya ci damina lafiya. Duka biyun a yi su yadda aka rubuta.

Wani zai ce ai akwai inda ake kai ƙara. Akwai. Wanda yake ganin an zalunce shi zai fara rubuta wa hukumar da ta ba da aikin, in bai gamsu ba ya kai gaban kwamitin warware saɓani na ARCOP. Amma kwanakin da aka ba shi kaɗan ne, kwamitin kuma yana Yamai, fiye da kilomita 700 daga inda muke zaune. Maginin Atantane ba zai yi wannan tafiya a kan aji biyu ba. Tun Afrilun 2024 kuma, da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, babu kansilan da zai miƙe a zama ya ce a karanto mana yadda aka bayar da aikin kaza. Ban faɗi haka don zargin kowa ba. Kantoma mai gaskiya shi ya fi kowa buƙatar shaidu, domin ranar da masu bincike suka zo, shaidun nan ne za su wanke shi.

Shaidun kuwa muna da su. Kwamitocin makarantu sun samu ƙarfi ne da wani shiri da aka fara a jihar Tawa a 2004, da tallafin ƙasar Japan, daga baya aka yaɗa tsarinsa ko'ina cikin ƙasa. Su ne ke tara kara su kafa rumfa kowace shekara, su gyara benci, su bi gida-gida neman yaran da suka daina zuwa. Mutanen da aka yarda su gina ajin kara da guminsu sun cancanci su san nawa aka ware wa ajin siminti. Ba a ce su zama injiniyoyi ba. Amma shugaban kwamiti yana iya ƙirga buhun da aka sauke. Uwa da ke wucewa zuwa rijiya tana iya ganin ko ana shayar da bulo safe da yamma. Dattijon da ya gina ɗakinsa da hannunsa ya san zurfin ramin tushe in ya leƙa.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar a canja ko layi ɗaya na doka. Duk aikin da za a bayar, kome ƙanƙantarsa, a liƙa sanarwarsa a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma da ƙofar lakwal ɗin da za a yi wa aikin, a kuma karanta ta a gidan rediyon gari. A rubuta ta da Hausa. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu dalilin da zai sa sanarwar ginin aji a Bawdeta ta tsaya da Faransanci kaɗai. Idan doka ta ce a nemi farashi uku, kada a hana na huɗu da na biyar in sun kawo kansu. A buɗe ambulan gaban masu nema da wakilin kwamitin makaranta. A kafa allo a bakin aiki mai ɗauke da sunan ɗan kwangila, kuɗin aikin, ranar farawa da ranar gamawa. Ranar karɓar gini kuma, ta farko da ta ƙarshe, kada a sa hannu a ofis. Ba a cinikin biri a sama. A je ƙauyen, a buɗe ƙofa a rufe, a hau a duba rufi, kwamiti yana tsaye, kuma abin da ya gani ya shiga takardar karɓa.

Ku kuma magina, ku taimaki kanku. Ku yi rajista, ku karɓi lambar haraji, ku buɗe asusu, ku riƙa ajiye takardar shaidar duk aikin da kuka gama. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya haɗa kai da ɗan'uwansa, doka ta yarda biyu ko uku su nemi aiki tare. Hatiminku kuma kada ku ba kowa aronsa.

Shugabannin kwamitoci, idan kun koma gida, kada wata ya ƙare ba ku je ofishin ƙaramar hukumarku ba. Ku nemi a nuna muku jadawalin kwangilolin bana da ƙudurin da ya yanke iyakar kuɗi, ku duba ko lakwal ɗinku tana ciki, ku tambayi ranar da za a buɗe ambulan, ku kuma halarta. Ku je da ladabi, ku je ku biyu ko uku, kuma ku tafi da littafi da alƙalami.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.